Kalmar da Na Kafe a Kanta

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, wasu ma da gangan na bar su suka tafi, amma ban taɓa mantawa da Talatar da Hafsatu 'yar Malam Ɗantani ta kira ni daga Kebbe muryarta na rawa ba. Tunda kun ce kafin in ajiye aiki a cibiyar nan in ba ku labari ɗaya da zai amfane ku, wannan zan bayar, duk da cewa ni ne mai abin kunya a cikinsa. Sai dai ku yi haƙuri in koma baya kaɗan, don lokacin da abin ya soma yawancinku kuna firamare.

Ni da tafireta na fara. Shekara goma sha biyu ina buga wasiƙu da takardun jarrabawa a nan Tambuwal, har yatsuna suka yi kanta. Da ƙungiyar malamai ta buɗe wannan cibiya ta koyon kwamfuta, sai aka ce tunda Umaru ya san inda haruffa suke, a kai shi can. Haka na zama mai kula da cibiya, ban san komai ba ban da inda haruffa suke. Wani ɗan garin nan da ke kasuwanci a Kudu ya aiko mana da tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu, amma wayam suka zo, babu manhaja a cikinsu. Wadda kowa ya sani sai an sayi lasisi, mu kuwa ba mu da ƙarfinsa. Ta sata da ake sa wa mutane a kasuwa kuma, sati biyu take yi ta kama cuta.

Malama Rakiya, malamar lissafi da aka haɗa mu aiki, ita ta dawo daga Sakkwato wata rana da faifai a jakarta. Ta ce wannan buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ga waɗanda ba 'yan sana'ar ba a cikinku, ita ce duk fuskar da kake gani idan ka kunna kwamfuta: allon, jakunkunan da ake ajiye fayil, wurin rubuta wasiƙa, duka. Bambancinta da ta saye shi ne ba a kulle cikinta ba. Kowa na iya buɗewa ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabcinsa, babu mai kama shi. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna gina ta. Wasu don sha'awa suke yi, wasu kuma kamfanoni ne ke biyansu albashi su zauna su yi ta.

Ni mutum ne mai zargi, kun sani. Na ce wa Rakiya ban yarda ba. Kamfanin da ke neman riba ya biya mutane su ƙera abu, sannan a raba wa duniya kyauta? Akwai lauje cikin naɗi. Wanda ya kwantar mini da hankali shi ne Malam Ɗantani, tsohon malamin Larabci ɗan gidan limaman Kebbe, wanda yake zuwa cibiya yana koyon bugu da yatsa biyu bayan ya yi ritaya. Ya saurare mu muna gardama, ya cire tabarau ya ce:

"Umaru, mi ab ban mamaki nan? Wanga ai waƙafi na. Attajiri mai shanu shi gina rijiya bakin hanya don shanunai su sha, kai ko da kaz zo wucewa ka sha. Shi bai yi hasara ba, kai ba ka yi sata ba."

Tun daga ranar, a cibiyar nan ba a kiranta da wani suna sai waƙafi.

Bayan kamar shekara guda Rakiya ta ga sanarwa cewa wani kamfani na ƙasar waje, cikin masu ɗaukar nauyin manhajar, ya ware kuɗi don a fassara ta zuwa harsunan da ba a yi ba. Ta rubuta musu, muka manta. Sai ga amsa. Suka ba mu kwangilar wata goma sha takwas, mu uku: ni da ita da Malam. Suka aiko da ƙaramar kwamfuta ta cinya, da abin kama intanet, da ɗan alawus duk wata wanda da shi na sauya tsohon babur ɗina. Wata mata ce ke kula da mu a kamfanin. Ba mu taɓa ganinta ba, sai wasiƙar imel. Sunanta ya gagari bakinmu, kuma duk wasiƙarta sai ta fara da tambayar lafiyar iyali da ko ruwa ya sauka, don haka Malam ya raɗa mata Gwaggo. Da muka gaya mata ma'anarsa, sai ta koma sa hannu da shi.

Yadda aikin yake, za a ba ku dogon jeri: Turanci a hagu, fili a dama. Mai fassara ya cike filin, mai dubawa ya amince, sai kalmar ta shiga fitowa ta gaba, duk wanda ya zaɓi Hausa a kwamfutarsa ko a ina yake ita zai gani. Rakiya da Malam su ne masu fassara. Ni aka naɗa mai dubawa, ba don na fi su sani ba, don ni ne ke kwana kusa da injin wuta. Ku riƙe wannan, hannuna ne na ƙarshe a kan kowace kalma.

Wayyo, Asabar ɗin wancan lokaci! Bayan azahar mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron da aka sare aka gina ɗakin taron da kuke zaune a ciki yanzu. Rakiya ta zo da gyaɗa soyayya, ni in kawo shayi, Malam ya zo da gardama. Sai mu kai la'asar a kan kalma ɗaya. Ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, Rakiya ta ce a kira shi kusu irin namu, ni na ce ɓera don shi ake ji a rediyo, Malam ya ce shi kam hannun da ya riƙe alƙalami shekara hamsin ba zai koma riƙon kusu ba, ko na Sakkwato ko na Kano. Aka tsaya a kan linzami. Mutane kan tsaya a kan babur su saurare mu, wani ya jefo tasa kalmar ya wuce. Akwai wani mai sayar da kaji daga Jabo da ya ba mu kalmomi uku, har yau suna ciki, shi bai sani ba. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba, kuma ban ƙara ji ba. A karo na farko na ga Hausa a fuskar na'ura, kuma na san a wace tabarma aka haifi kowace kalma.

To, sai muka zo kan madannin da ke kawar da fayil. Iri biyu ne. Akwai wanda ke jefa shi kwandon shara, inda za ka iya komawa ka ɗauko. Wannan bai ba mu wuya ba. Akwai kuma wanda ke kawar da shi gaba ɗaya, babu kwando babu komai. Rakiya ta ce a sa "goge". Malam ya ce "shafe". Ni na ce "share". Na ce goge ai takalmi ake gogewa ya ƙara ƙyalli, shafe kuma ɗaki ake shafewa ya ƙara kyau, amma share kowace mace da kowane yaro sun san abu ya tafi. Na yi ta zuba kamar lauya.

Malam ya girgiza kai. "Umaru, wagga kalma ba ta da ban tsoro. Shara ai bakin ƙofa aka tara ta, wanda yay yar da zobe shi koma shi tsince. Abin da ba shi dawowa, a sa mai suna mai ban tsoro."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kwamfuta ba wa'azi ta ba."

Rakiya ta yi dariya, Malam ma ya yi, ni kuma na ɗauka na ci. Na sa "Share". Ban tsaya nan ba. Akwai gargaɗin da ke fitowa kafin abu ya tafi, Rakiya ta fassara shi da kyau, cewa wannan zai tafi har abada kuma ba za a iya dawo da shi ba. Na ga ya yi tsawo yana ɓata kyan ɗan akwatin, na datse shi. Ya koma kalma ɗaya, da sunan fayil, da alamar tambaya, sai Eh ko A'a a ƙasa. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Wata goma sha takwas suka cika. Muna sa ran sabuntawa, sai ga wasiƙar Gwaggo. Kamfani ya sami sababbin shugabanni, sun ce yanzu duniya ta koma kan waya, ba za su ƙara zuba kuɗi a manhajar kwamfutar tebur ba. Ta ba mu haƙuri sosai. Ta ce mu riƙe kwamfutar cinyar, kuma aikin namu ne, ƙofa a buɗe take, duk lokacin da muke so mu ci gaba. Muka ce to, za mu ci gaba don Allah. Asabar ta koma sau ɗaya a wata, daga nan ta koma sai an haɗu a wurin suna. Aka yi wa Rakiya canji zuwa Sakkwato. Malam ya ce tsufa ya zo, zai koma gida Kebbe, muka haɗu muka ba shi kwamfutar cinyar ta sallama. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, ranar da alawus ya tsaya ranar na daina buɗe jerin nan. Ba fushi na yi ba. A raina aikin kamfani ne, kamfani kuma ya tashi.

Malam yana da abin da yake so ya yi da kwamfutar. Mahaifinsa, Liman, ya bar waƙoƙi da ajami cike da adaka: na wa'azi, na azumi, na rabon gado, har da na noma. Takardun sun tsufa, ka taɓa su karye. Malam ya zauna shekara uku yana juya su zuwa boko da yatsunsa biyu, kowace waƙa da fayil ɗinta, duka cikin jaka ɗaya da ya sa wa suna Littafin Baba. Batir ya ƙare a kai wa mai cajin waya a kasuwa, a dawo da ita ya ci gaba. Da ya gama ba da daɗewa ba, wata damina soron da adakar take ciki ya rufta, takardun suka zama kunu. Da na je yi masa jaje ya ce alhamdu lillahi, ai Baba ya riga ya ƙaura cikin waƙafi. Na ce zan dawo da filashi in kwafe masa don a samu biyu. Na faɗa sau uku a shekara biyu. Ban je ba.

A tsakanin nan kuma wayoyin shafa suka cika gari. Kun san kalmar Turancin nan da ke ƙarƙashin kowane hoto, wadda ake latsawa a tura wa mutane, mu ce an yi sheya. Ku rubuta ta a ranku. Harafi biyar ne, s-h-a-r-e, kuma su ne dai harafi biyar na kalmata, babu ragi babu ƙari. Lokacin da muke kan tabarma babu wanda ya san ta a garin nan. Bayan shekara bakwai babu wanda bai san ta ba, har tsofaffi. Manhajar kuma ta ci gaba da girma a hannun mutanen duniya, ana ƙara sababbin abubuwa, babu mai fassara su. Duk wanda ya sabunta tasa, kamar yadda wani mai gyara ya sabunta wa Malam, sai ya ga rabi Hausa rabi Turanci a jeri ɗaya. Ni ina ganin haka kullum a cibiyar nan, idona ya saba, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba.

Mu dawo ranar Talata. Da hantsi ne, cikin tsakiyar damina, ina koya wa wasu malamai yadda ake jera maki, waya ta yi ƙara. Hafsatu malamar Turanci ce a wata sakandare a Kebbe, mace mai natsuwa, uwar 'ya'ya huɗu. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Kawu Umaru, na kashe Baba."

Na miƙe tsaye. "Subhanallahi! Mi af faru?"

"Littafin Baba na. Idonai ya yi rauni, yac ce in tura ma mai ɗab'i Sakkwato a buga tun shina da rai. Nid danna bisa jakar, nig ga sheya, nid danna. Yat tambaye ni, nic ce eh. Kawu, jakar ba ta nan. Na duba kwandon shara, babu."

Tun kafin ta gama na gane. Ita ta karanta Turanci, na'ura kuma Hausa take yi mata, Hausata. Na tambaye ta yaushe, ta ce tun jiya da safe, ta ji tsoron faɗa, ta yini tana kashewa tana kunnawa, har ta kai ta makarantarsu ta sauko da wani abu daga intanet da aka ce yana dawo da fayil. Na ce ta kashe ta yanzu, kada kowa ya ƙara taɓawa, ga ni nan.

Bari in yi muku bayanin dalili, don wata rana zai yi muku amfani. Idan aka kawar da fayil, na'ura ba ta kankare shi nan take. Sunansa kawai take cirewa, ta ce wurin nan ba kowa. Rubutun yana nan kwance har sai an ajiye wani abu a kansa. Saboda haka duk kunnawa, duk saukar da wani abu, taka shi ake yi.

Na sallami ɗalibai, na ɗauki kwamfutata da filashin da ya kamata in kai tun shekara biyu, na hau babur. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ba sai na faɗa masa ba. Sau biyu na sauka na tura, sau ɗaya na faɗi. Na isa bayan azahar, laka har gwiwa. Na tarar da Malam a zaure kan buzunsa, kwamfutar a rufe a gabansa, Hafsatu na raɓe a bakin ƙofa ido ya kumbura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi iyali da mutanen Tambuwal ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Sai da na sha sannan ya ce:

"Umaru, kalmakka ta yi aikinta."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Allah gafarta Malam, laifina na, ba na Hafsatu ba."

"Na sani. Shi nika gaya mata tun ɗazu, ta ƙi ji. Yanzu mi aka iya yi?"

Ban san abin da ake iya yi ba, ni mai bugu ne da ya iya koyarwa. Abin da na tuna shi ne masu manhajar suna da zauren tattaunawa a intanet inda kowa ke kai kukansa. Shekara bakwai ban leƙa ba. A gidan Malam waya ba ta kamawa, sai na tafi wani tudu kusa da filin makaranta, na tsaya cikin rana na rubuta da guntun Turancina. Na faɗi komai, har da cewa ni na sa kalmar. Kafin la'asar mutum uku sun amsa, daga ƙasashen da ban san inda suke ba. Ɗaya ya ce kada in kunna kwamfutar Malam da manhajar cikinta, in tashe ta daga filashi. Ɗaya ya ba ni sunan abin da zan yi amfani da shi. Amsa ta huɗu ta fara da tambayar lafiyar iyali da ko ruwa ya sauka. A ƙasa an sa hannu: Gwaggo.

Ashe ita ma kamfanin ya sallame ta tun shekarar da aka sallame mu. Tana wani aiki daban, amma duk ƙarshen mako tana nan tana taimaka wa manhajar, babu mai biyanta. Na tsaya a kan tudun nan ina share hawaye da hannun riga mai laka, masu wucewa suna kallona.

Kwana biyu na yi a Kebbe ina zirga-zirga tsakanin zaure da tudu. In je in karanta abin da ta ce, in dawo in yi, in koma in gaya mata abin da na gani. Ranar Alhamis da safe fayiloli suka fara fitowa. Sai dai babu suna a kansu, lambobi ne kawai, gauraye da tsofaffin wasiƙu da tarkace. Sai muka yi dabara. In buɗe in karanta baitin farko, Malam ya rufe ido ya ce wannan ta azumi ce, wannan ta gado ce, Hafsatu ta rubuta a takarda. Wani lokaci ya karɓe daga bakina ya ci gaba da rerawa, sai mun jira shi. Maƙwabta suka cika zaure. Duk wadda ta fito sai a yi kabbara. Waƙa arba'in da ɗaya ce a jakar. Kafin azahar mun sami arba'in cif.

Ta arba'in da ɗaya ta fito, amma rabi. Daga tsakiya sai tarkacen alamomi marasa ma'ana, abin da Hafsatu ta sauko da shi ya zauna a kanta. Na karanta baitin farko. Hafsatu ce ta matso ta gaya mini a hankali. Ita ce waƙar da Liman ya yi a ciwon ajalinsa, yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya daga babba, yana yi wa kowa wasiyya. Malam bai ma san da ita ba sai da ya kai ƙasan adaka. Ita ya buga ƙarshe, sau ɗaya, yana kuka, bai ƙara iya buɗe ta ba. 'Ya'yan su bakwai ne. Abin da ya dawo ya tsaya a kan na huɗu. Malam shi ne auta.

Na koma tudu har sau uku. Gwaggo ta tambayi waɗanda suka fi ta sani, muka gwada duk abin da suka ce. Daga ƙarshe ta rubuto cewa ta yi baƙin ciki, wurin an riga an taka shi.

Na ce wa Malam ai shi ya buga ta, ya faɗi abin da ya tuna in rubuta, ko da ba daidai da daidai ba. Sai ya ce:

"Ma'ana tana nan cikin raina, na san abin da yac ce min. Amma lafazin ya tafi, sai baiti guda da rabi. Ba ni sa ma Baba magana ga baki, Umaru. A bar ta inda tat tsaya."

A wasiƙarta ta ƙarshe a ranar Gwaggo ta yi mini tambaya, ba da faɗa ba. Ta ce ta duba, har yanzu sunana ne mai duba Hausa, izinina yana aiki, ba wanda ya taɓa cire shi. Me zai hana in gyara kalmar? Na karanta wa Malam. Ya ce kada in hau babur sai na gyara, don akwai wasu gidaje da wannan abu ke zaune a cikinsu suna jiran tasu ranar. Na tambaye shi me za a sa, ina tsammanin zai ce tasa. Ya ce a sa ta Rakiya, a ƙara mata tsoro. Na koma tudu, na buɗe jerin, na sa "Goge har abada", na maido da gargaɗin Rakiya da tsawonsa. Na duba agogo don in hukunta kaina. Gyaran bai kai minti biyar ba.

Da rani aka buga littafin a Sakkwato. Malam ya sa aka kawo shi Tambuwal a mota takanas, ya shigo cibiyar nan Hafsatu na riƙe da hannunsa, ya miƙa mini kwafi ɗaya. Ya ce in buɗe ƙarshe. Waƙar ta tsaya a kan ɗa na huɗu, shafin da ke biye fari fat, sai lambarsa a ƙasa. Shi ya hana mai ɗab'i ya cire shi. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata.

"Arba'in na Baba na, rabi ma nai na. Wanga shafi kuwa ni da kai munka wallafa shi."

Damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Liman ya ji sauran daga bakinsa.

Ba na zagin kamfanin nan, kuma kada ku zage shi. Ba don kuɗinsa ba, da ba a yi tabarmar Asabar ba, da Hausa ba ta hau allon nan a lokacin da ta hau ba. Haka kamfanoni suke a wannan sana'a, su zo lokacin da abin ya yi musu, su tafi lokacin da ya daina, kuma idan wani ya zo muku gobe ku karɓa hannu bibbiyu. Abin da na gane a makare shi ne kuɗin yana tafiya, amma kalmar da ka sa tana nan zaune a gidajen mutane, duniya na sauyawa a gefenta, kuma mai danna ta bai san ko ana biyanka ko an daina ba. Mutanen da suka cece mu a Kebbe babu wanda ake biya a cikinsu. Ni aka biya. Kamfani ya biya wata goma sha takwas da na yi ina aiki. Shekara bakwai da na yi ban leƙa ba kuwa, Malam Ɗantani ne ya biya su, da baitocin da mahaifinsa ya rubuta masa.